Me ya sa nake kewar fim ɗin almarar kimiyya bayan ya ƙare?

Wani ɗalibi daga Marwa ne ya aiko da tambayar: "Malam, barka da aiki. Na gama kallon The Expanse, zango shida cif. Tun daga ranar duk fim ɗin da na kunna ba ya shiga raina, sai in kashe. Abokaina sai dariya suke yi mini, wai ina zaman makokin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Na kalli fina-finai masu dogon zango da yawa, na Hausa da na Indiya da na Turkiyya, ban taɓa jin haka ba. Mene ne ya bambanta wannan? Ko ni ne ke da matsala?"

Lafiyarka ƙalau, ƙanena. Su abokan naka da ke dariya, tambaye su yadda suka kwana ranar da ɗan ƙwallon da suke so ya bar kulob ɗinsu, alhali ko gaisawa ba su taɓa yi da shi ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa sabo ba ya tambayar ko mutumin na jini da tsoka ne ko na cikin akwatin talabijin. Tun 1956 wasu Amurkawa biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan shaƙuwar da mai kallo ke yi da wanda yake gani a talabijin: kai ka san muryarsa, ka san abin da ke ɓata masa rai, shi kuwa bai san kana duniya ba. Da wasan barkwancin nan na Amurka mai suna Friends ya ƙare a 2004 bayan shekara goma, Keren Eyal da Jonathan Cohen sun bi ɗaliban jami'a da tambayoyi, suka tarar ɓacin ran rabuwar ya fi tsanani ga wanda ya fi shaƙuwa da wani jarumi, da kuma wanda dama yake fama da kaɗaici. In ka ga abin ya kai ga hana ka barci ko cin abinci ko zuwa aji har tsawon makonni, to wannan ba fim ba ne, wata damuwa ce ta laɓe a bayansa, sai ka nemi likita. In ba haka ba, ba abin tsoro.

Sai dai wannan bayani ya shafi kowane irin fim, kai kuwa tambayarka ta fi haka kaifi. Ka ce ka kalli wasu ba ka ji komai ba. Na daɗe ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo a nan Garwa, ina kuma koya wa matasa rubutun labari, kuma abin da na fahimta shi ne, a almarar kimiyya, wato ƙagaggen labarin da aka gina a kan kimiyya da fasaha irin na kumbo da taurari, ba mutanen kaɗai ake kewa ba. Wurin ake kewa.

Duba, in fim ɗin Hausa mai dogon zango ya ƙare, duniyarsa ba ta tafi ko'ina ba. Kishiya tana nan a maƙwabta, rikicin gado yana nan a danginku, attajirin da ke son auren 'yar talaka gobe ma za ka ji labarinsa a majalisar shayi. Wani furodusa zai ɗauko wannan duniyar ya zuba mata sababbin fuskoki, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Shi marubucin almarar kimiyya ba ya samun wannan garaɓasa. Daga tushe yake gini. Dole ya faɗa maka daga ina ruwan sha yake zuwa, wa ke biyan kuɗin iskar da ake shaƙa, wa ke mulki, kwana nawa ake yi daga wannan duniya zuwa waccan. Kai kuma mai kallo dole ka zauna ka koya. Ka tuna yadda kashi uku ko huɗu na farko suka yi maka: sunaye barkatai, ɓangarori uku da ba ka san wanda ke da gaskiya ba, labarai uku da kamar ba su haɗa hanya ba. Mutane da yawa a nan suke ajiye shi. Wanda ya daure ya wuce, ya biya kuɗin shiga da ƙwaƙwalwarsa, kuma abin da mutum ya sha wuya kafin ya mallaka ba ya sakinsa da sauƙi.

Kamar ɗan Garwa ne da ya tafi neman kuɗi Duwala. Watannin farko ɓata yake yi, masu mota su cuce shi, ruwan sama ya dake shi. A hankali sai ya san unguwanni, ya san inda ake sayar da abinci da araha, ya san wanda ake yi wa magana a tashar jiragen ruwa. Ranar da ya dawo gida bayan shekaru, har wahalar garin sai ya yi kewa, domin a can ya zama masanin wani abu, kuma wannan sani ba shi da amfani a kasuwar Garwa. Bambancinku shi ne, shi in kewa ta ishe shi zai je Ngawundare ya hau jirgin ƙasa ya kama hanyar kudu. Kai ba tikitin da zai mayar da kai.

Amma ba kowane fim ɗin kumbo da taurari ne ke barin wannan tabo ba. Akwai ɗaruruwa da ake mantawa kafin a kashe waya. Abin da ke raba mai kyau da na banza, a ganina, ba kyan hoto ba ne, ba kuma yawan fashe-fashe ba. Doka ce. Marubucin kirki yana kafa wa duniyarsa dokoki tun farko, sannan ya ɗaure kansa da su ko da za su hana shi sakat. Fim ɗin da ka kalla ya yi suna ne a kan haka. A cikinsa ba wata na'urar tsafi da ke sa mutum ya tsaya da ƙafafunsa a cikin kumbo. In injin yana turawa, mutane suna da nauyi. In aka kashe shi, kowa da komai sai ya tashi yana yawo, har da ƙwayar ƙusa da wani ya manta bai ɗaure ba, wadda za ta iya huda mutum in kumbon ya yi juyi. In kumbo ya kai rabin hanya dole ya juya baya ya tura da injinsa don ya rage gudu, domin a sararin samaniya ba iskar da za ta yi masa birki. Saƙo ma ba ya isa nan take. Wannan ba ƙage ba ne: tsakanin duniyarmu da Mars, saƙon rediyo yana ɗaukar daga kusan minti 3 zuwa minti 22, gwargwadon inda kowace take a kewayenta. Don haka shugaba a Duniya zai iya aika umarnin a tsagaita wuta, kafin ya isa an riga an gama kashe juna. Mutanen da aka haifa a duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupita kuwa dogaye ne sirara, ƙashinsu ba ƙwari, in aka kawo su Duniya nauyin jikinsu kaɗai azaba ne. Wannan ma daga gaskiya aka ɗauko shi, domin 'yan sama jannatin da ke zama a tashar sararin samaniya suna asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu a kowane wata.

Amfanin wannan ga mai kallo babba ne. Da zarar ka yarda cewa dokar ba ta karyewa, sai ka fara lissafi da kanka. Ka ga makami mai linzami ya taso, ka san nisan, ka san cewa in suka ƙara gudu jijiyar wani a cikin kumbon za ta iya fashewa, gabanka ya faɗi tun kafin jarumi ya buɗe baki. Ka tashi daga ɗan kallo, ka zama ɗan gari. A fim ɗin banza kuwa, duk lokacin da jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai marubuci ya zaro wata sabuwar na'ura daga aljihu, kai kuma ka gane cewa tunaninka ba shi da aiki a nan, ka jingina kawai kana kallon launi. Ko a rediyo haka abin yake. Masu sauraro za su yafe maka muryar da ba ta da daɗi, za su yafe ƙarar janareta a bayan magana, amma in ka ce ƙauyen tafiyar kwana biyu ne a ƙafa, sannan jaruminka ya tashi da hantsi ya isa kafin la'asar, wallahi sai sun kira tashar sun tambaya ko fiffike ya yi.

(A nan ne nake saɓa wa masu cewa ba za mu iya almarar kimiyya da Hausa ba sai mun sami kuɗin Amurka. Kuɗi na sayen hoto ne. Doka kyauta ce, haƙuri kawai take so. A rediyo kumbo ba ya cin ko dala, muryar mutum biyu da ƙarar fanka sun isa.)

Akwai kuma dalilin da ya sa nake zaton fim ɗin ya kama ka, kai ɗan Marwa, fiye da yadda zai kama wani a Faris. Labarin ya buɗe ne da kumbon da ke jigilar ƙanƙara, wato ruwa, zuwa Ceres, wani dunƙulen dutse mai faɗin kusan kilomita 940 inda jama'a ke zaune cikin ramuka ana auna musu ruwa. Su ne ke haƙo arzikin da Duniya da Mars ke ci, su ne kuma ake kira 'yan ta'adda in sun ɗaga murya, kuma a cikinsu akwai masu gaskiya, akwai waɗanda suka mayar da kukan jama'a jari suna zubar da jinin bayin Allah. Wanda ya taɓa bin layin famfo da jarka a watan Afrilu, wanda ya ji tsofaffi suna ba da labarin faɗin Tafkin Chadi a shekarun 1960 kafin ya janye, wanda ya san cewa tun 2003 man fetur ɗin Doba ta ƙasar Chadi ke bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa teku a Kiribi, ba ya bukatar a yi masa fashin baƙi. Harshen mutanen Ceres ɗin ma da wani masanin harsuna, Nick Farmer, ya ƙera daga harsuna da dama, ba baƙon abu ba ne ga kunnen da ya saba da kasuwar da ake ciniki da Fulatanci, a yi lissafi da Faransanci, a yi rantsuwa da Larabci, a gaisa da Hausa.

Wannan tsohuwar dabara ce ta almarar kimiyya: ta ɗauki abin da ke da zafin faɗa a gida, ta kai shi can bayan taurari inda za a iya dubansa ba tare da an ambaci ƙabilar kowa ba. Fim ɗin talabijin mai suna Star Trek ya yi haka a Amurka daga 1966, lokacin da baƙaƙen fata ke fafutukar 'yancinsu. Sun sa baƙar mace, Nichelle Nichols, a matsayin jami'a a ɗakin tuƙin kumbo, ba 'yar aiki ba. Ita da bakinta ta sha ba da labarin cewa ta yi niyyar barin wasan, Martin Luther King ne ya roƙe ta ta zauna. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin wannan jaruma yana cikin abin da ya zaburar da ita. Fim irin wannan in ya ƙare, ka rasa inda kake zuwa ka yi tunani a kan garinku daga nesa.

Sannan ga su mutanen. Ka lura da abin da ke faɗo maka a rai in ka tuna fim ɗin. Ina kyautata zaton ba yaƙe-yaƙen ba ne. Mutum huɗu ne a ɗan ɗakin cin abinci na kumbo, ɗaya yana neman kofi, ɗaya yana gyaran wani abu, ana zolayar juna. Mutanen da ba dangin iya ba na baba, ƙaddara ta kulle su a akwatin ƙarfe, bayan bangon kuwa mutuwa ce tsirara, don haka ba inda wani zai yi fushi ya tafi. Dole a yi faɗa a shirya. Marubuta sun san cewa ba abin da ke ƙulla mai kallo kamar wannan, shi ya sa kusan duk fim ɗin kumbo da ake kewa za ka tarar da ƙaramin ayari a tsakiyarsa. Kashi 62 ka yi tare da su, sama da awa arba'in. Akwai 'yan uwanka na jini da ba ka zauna da su haka ba a bana.

Yadda muke kallo a nan ma yana ƙara wa abin zafi. Waɗanda suka bi shi tun fitowarsa sun fara a Disamba 2015, suka gama a Janairu 2022, suna jira mako-mako, wani lokaci fiye da shekara tsakanin zango da zango. Sun saba da rashinsa tun yana raye. Mu kuwa sai mu je wurin masu tura fim a cika mana memori, mu shanye shekara shida cikin 'yan makonni, dare da rana in akwai wuta ko cajin waya. Jiya kana cikinsa tsundum, yau babu. Kuma kai kaɗai ka kalla, da waya da abin kunne. Fim ɗin Hausa da ake nunawa a Arewa24, washegari masu babur da masu shayi da matan gida duk suna maganarsa, in ya ƙare tare ake jimami, tare ake zagin marubuci, abin ya wuce. Kai ba ka da wanda za ka ce wa "ka ga abin da ta yi?" Rabin nauyin da kake ji daga nan yake.

Saura maganar yadda irin waɗannan fina-finai ke ƙarewa, kuma a nan kuɗi ne sarki. Fim ɗin soyayya gida da mota da lambu yake bukata, duk ana iya haya. Na almarar kimiyya komai sai an ƙera, daga kujera har sararin sama, ga aikin kwamfuta na watanni. Masu kallonsa kuma ba su kai na wasan barkwanci yawa ba, sai dai tsananin so. Don haka tarihinsa cike yake da yankan ƙauna. Star Trek na farko zango uku kawai ya yi, kashi 79, na ukun ma sai da masu kallo suka yi wa tashar NBC ruwan wasiƙu kafin ta yarda. Aka rufe shi a 1969. Maimaicinsa a ƙananan tashoshi ne ya rayar da shi, har masoyansa suka matsa wa gwamnati aka raɗa wa kumbon gwaji na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sunan kumbon cikin wasan a 1976, fim ɗin silima ya biyo baya a 1979. Firefly, wani fim ɗin kumbo na 2002, kashi 14 aka ɗauka, 11 kawai tashar Fox ta nuna kafin ta dakatar, su ma ba a jere ba. Naka ma ya leƙa kabari ya dawo: tashar Syfy ta ajiye shi a 2018 bayan zango uku, masoyansa suka tara kuɗi suka yi hayar ƙaramin jirgin sama ya ja ƙyalle mai roƙo a saman ofishin Amazon, kafin ƙarshen watan Mayu Amazon ta ɗauke shi. Ba ƙyallen kaɗai ya yi aikin ba, kamfani lissafinsa yake yi, amma ka ga irin mutanen da ka shiga sahunsu.

Ko bayan wannan ceto, labarin bai kai ƙarshensa ba. An gina shi ne a kan littattafai tara na Daniel Abraham da Ty Franck, waɗanda ke rubutu da suna ɗaya, James S. A. Corey, kuma fim ɗin ya tsaya a na shida. Zangon ƙarshe kashi 6 ne kacal, kuma a farkon kowane kashi suna nuna maka wata duniya da wata yarinya da wasu halittu, suka buɗe wannan ƙofa ba su rufe ba. Ƙaiƙayin da kake ji yana da tushe. Wata masaniya, Bluma Zeigarnik, ta rubuta tun 1927 cewa aikin da aka katse ya fi maƙalewa a zuciya fiye da wanda aka kammala, kuma duk marubucin wasan rediyo da ke yanke shiri daidai lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa da wannan yake cin abinci.

Zan faɗi abin da masoya ba sa son ji. Wani ɓangare na daɗin fim ɗin da aka yanke shi ne bai rayu ya tsufa ba. Firefly ana yabonsa kamar ba shi da aibi ne domin bai kai zangon da marubuta ke gajiya ba, inda jarumai ke neman ƙarin kuɗi, a fara aurar da wannan a kashe wancan don a cike lokaci. Mu ma mun ga fina-finai masu dogon zango na gida da suka fara da ƙarfi, aka yi ta jansu saboda talla har masu kallo suka fara roƙon a rufe. Ni na fi girmama irin Babylon 5, wanda J. Michael Straczynski ya tsara tun farko a kan shekara biyar, ya rubuta 92 daga cikin kashi 110 da hannunsa. Don haka ba na cikin masu addu'ar a dawo da kowane fim. Sau da yawa abin da ke dawowa sunan ne da fuskokin da suka tsufa.

Game da cewa ba abin da ke shiga ranka yanzu, rashin adalci kake yi wa sababbin. Kana auna kashi na farko na baƙon fim da kashi na 62 na wanda ka sani ciki da bai. Shi ma wancan a daren farko bai shiga ba. Ka ba sabon fim kashi huɗu ko biyar kafin ka yanke hukunci, kuma kada ka nemi mai kama da shi, domin kamannin ne zai riƙa tuna maka abin da babu. Ka ɗan koma wani fanni daban tukuna. In kuma za ka sake kallonsa, jawo ɗaya daga cikin masu yi maka dariya ku kalla tare, kashi ɗaya ko biyu a dare. A karo na biyu za ka ga abubuwan da aka binne tun zangon farko waɗanda ba ka da idon ganinsu a da.

Ragowar labarin kuwa yana littafi na bakwai zuwa na tara, na ƙarshen ya fito a 2021, kuma akwai su da Ingilishi da Faransanci. Ka sani cewa na bakwai ya tsallake kusan shekara talatin, za ka tarar da mutanenka da furfura da ciwon gwiwa. Kada ka faɗa kansa kai tsaye. Fim ɗin ya haɗe wasu mutane biyu ko uku ya mai da su ɗaya, akwai kuma wanda ya mutu a fim amma a littafi yana nan da ransa yana tuƙi, don haka in ba za ka iya farawa daga na ɗaya ba, aƙalla ka fara daga na biyar.